Mai Shayin Shafi na Arba'in da Ɗaya

Duk wanda ya taɓa shiga jirgin ƙasa tsakanin Delhi da Lucknow, a shekarun da talabijin bai gama cinye wa mutane lokaci ba, ya san sunan Dakta Nishikant. Littattafansa na kisan kai ne a jere gaban kowane mai jarida a tasha, bangonsu ja wur, mace tana ihu, namiji riƙe da bindiga. A bayan kowanne akwai hoton Daktan da baƙin tabarau da lofe a baki. To wannan hoton na ƙanin matar Lala Murlidhar mai maɗaba'ar ne, wani dillalin hatsi da ko wasiƙa bai taɓa rubutawa da hannunsa ba, kuma ciwon hanta ya kashe shi tun ana littafi na goma sha biyu. Mutuwar ba ta hana shi fitar da sabon littafi duk bayan wata biyu ba.

Mai rubutun na ainihi Girdhari Lal Saxena ne, wani siririn mutum mai tari da ke zama a ɗakin saman maɗaba'ar, a layinmu na masu buga littattafai a Meerut. Kowa Munshi-ji yake ce masa, wato malam magatakarda, don a sanin mutane aikinsa gyaran kurakuran bugu ne da amsa wasiƙun masu karatu. Sunan Dakta mallakar Lala ne, kuma Girdhari ya sa hannu a takarda cewa ba zai taɓa gaya wa kowa shi ne ba. Masu jera haruffa da ke ganin rubutunsa kullum an ce musu Dakta ne ke aiko da kaset daga Bombay, Munshi yana kwafewa. Suka yarda kuwa, don wa zai dubi mutumin da ke ɗaure ƙafar wandonsa da roba saboda sarƙar keke ya ce shi ya kashe mutum ɗari huɗu?

Girdhari ɗan garin Hapur ne. Ubansa mai rubuta wa mutane takardun ƙara ne a ƙofar kotu, shi ma ya gaji tabarmar da akwatin yana ɗan shekara goma sha tara. Shekara goma sha ɗaya ya yi a gindin darbejiyar ƙofar kotun yana sauraron ƙarya iri-iri, ta mai ƙara, da ta wanda ake ƙara, da ta shaidun haya da ke zaune a inuwa suna jiran mai ɗaukarsu. Abu ɗaya ya fito da shi daga wannan makaranta: maƙaryaci ba ya tuntuɓe a kan babban abu, don shi ya yi wa tanadi. A kan ƙarami yake faɗuwa, ranar mako, ko an yi ruwa ko ba a yi ba, ko ƙofar ciki take buɗewa ko waje. Da wannan ilimi ya rubuta labarinsa na farko, ya ɗaure shi da zare, ya hau bas ya zo Meerut.

Lala Murlidhar ko buɗewa bai yi ba. Ya ɗora ƙunshin a tafin hannu ya jinjina kamar mai sayen kaza, ya ce, "Gawa nawa?"

"Ɗaya, Lala-ji."

"Ɗaya tak? Mutum zai zauna awa shida a jirgi saboda gawa ɗaya? Ai a unguwarmu ma ana samun fiye da haka kyauta. Ƙara biyu. Ɗaya ta zama mace, kuma a wurin wanka za a same ta."

Ya ƙara. Daga ranar ya fara koyon haɗiye abu, kuma shekara ashirin da biyu ya yi yana haɗiyewa.

Ƙarfe bakwai na safe yake jingine kekensa, da 'yar jakar abincinsa, gurasa uku da dankali. Kwatar layin a buɗe take, tana ɗauke da ruwan tawada da na gidan rini da abin da ba a faɗa, a tsakar gidan maɗaba'a kuma ana dafa gam da ƙashi da fata, warinsa yakan riga shi hawa bene. Kafin rana ta yi tsaka ya cika shafi goma da alƙalamin tawada, a fuska ɗaya ta takarda. Littafi shafi ɗari biyu da arba'in ne, ba ƙari ba ragi, don injin sha shida-sha shida yake naɗewa. In mai kisa yana tsakiyar amsa laifinsa takarda ta kusa ƙarewa, sai dai ya yi sauri. Bango kuwa shi ake fara zanawa. Sai a hawo masa da hoton mace ɗaure a kujera, maciji a ƙafarta, agogon bango yana nuna ƙarfe uku, a ce, "Ga shi, Munshi-ji, a samo masa labari."

Duk wannan ya saba. Lala ɗin ne bai taɓa iya sabawa da shi ba. Mutum ne da bakinsa ba ya rabuwa da ganyen pan, wanda ake ci kamar goro, yana taunawa yana tsirtar da jan yawu cikin wata tasar tagulla da ke gefen kujerarsa, wadda sau ɗaya cikin uku yake samu. Da yatsun da yake sakace yake juya takardun Girdhari, ba don ya karanta ba, don ya ga ko an cika layuka har ƙasa. Sai shafukan su isa wurin masu jera haruffa da jan tabo, har suna cewa Dakta da jinin gaske yake aiki. Girdhari kan kawar da kai ya dubi taga.

Amma yana da abu ɗaya da bai taɓa bari a taɓa masa ba. A bangon ɗakinsa akwai kalandar watan da labarin ke faruwa, da jadawalin jiragen ƙasa, da taswirar gidan da aka yi kisan, zanen fensir, har da inda tulun ruwa yake. Dokarsa ita ce mai kisa ya bayyana kafin shafi na talatin, ya yi magana da bakinsa, kuma abin da zai kama shi ya kasance a rubuce ƙiri-ƙiri a gaban mai karatu. Yakan ce mai karatu abokin dara ne, ba a sace masa ɗa in ya waiwaya. Su ba shi maciji, su ba shi wurin wanka, zai ɗauka. Wannan ɗaya dai nasa ne.

A ƙofar maɗaba'ar, jikin bango, akwai wata mai shayi, Kalawati, gwauruwa ce da furfura ta cika mata kai. Shekararta goma sha takwas a kan allon katakon nan da murhun gawayi da tukunya ɗaya. Girdhari Didi yake ce mata, wato yaya. Shekarar da matarsa ta rasu tarin nan ya kusa tafiya da shi, ita ce ta dinga dafa masa nasa daban da citta da barkono baƙi, tana aika masa da faɗa a kai. "Ka sha da zafinsa, Munshi-ji. In ka mutu wa zai gyara wa Dakta shirmensa?" Ba ta karatu, ba ta kuma damu da littattafan ba, ta ce duk gidan da aka shiga sai an kashe mutum, su ba sa cin abinci ne?

Ya daɗe yana neman abin da zai yi mata, mutum ne kuma da ba shi da komai sai alƙalami. To da ya zo rubuta wani littafi a kan kisan wani attajiri mai masana'antar almakashi, sai ya sa ta a ciki. A shafi na arba'in da ɗaya, ruwa ya tsare Sufeto Dhanraj, jarumin littattafan, ya raɓe a rumfar wata mai shayi mai suna Kalawati, ta zuba masa, ta ƙi karɓar ko kwabo, ta ce wanda ruwa ya koro baƙo ne. Layi uku ne duka-duka. Ya ce mata, "Didi, na roƙi Dakta ya sa sunanki, ya kuma yarda." Ranar da littafin ya fito, masu ɗinkin littafi suka karanta mata wurin, ta sa suka maimaita har sau huɗu, ta rufe baki da gefen zaninta tana dariya. Da yamma ta raba wa layin alewa.

Wannan littafi kashi biyu ne, kuma dabarar Lala ce, don maƙwabcinsa na tsallaken layi ya fara ƙwace masa kasuwa. Kashi na farko ya tsaya kafin a kama kowa, a shafin ƙarshe aka buga da manyan haruffa cewa duk wanda ya aiko da kati ya faɗi mai kisan, da hujjarsa, Dakta zai ba shi agogon hannu. Duk wanda, ba wanda ya riga ba. Lala ya tambayi Girdhari ko mutum nawa za su iya cankawa, ya ce, "Masu lura, Lala-ji." Lala ya yi dariya har da tari. Ai shi a ganinsa ya san masu sayen kayansa, masu jan keken fasinja na riksho ne da masu gadi da kuratan soja, sai ya aika aka sayo agogo biyar ya jefa a aljihun tebur.

Guba aka ba attajirin, kuma Sohan ne ya ba shi, mai haɗa magani da ke zuwa gidan yi masa allura. Da Sufeto ya tambaye shi inda yake a lokacin, sai ya ce yana shagon aski. A babin da ya gabata kuwa, motar Sufeto ta maƙale a ranar saboda layin masu kai wa gunkin Hanuman alewa ya tare titi, ibadar da ake yi rana ɗaya tak a mako. Talata ke nan. Wane mai aski ne a ƙasar nan ke buɗe shago ran Talata? Girdhari ya raba abubuwan biyu da shafi ashirin da shida, bai ƙara ko kalma ba, kuma a ransa ya san bai taɓa kafa tarko mai kyau kamar wannan ba.

Katuna suka fara zuwa a hannu, suka koma zuwa a buhu. Dubu tara da ɗoriya. Aka share ɗakin ajiyar takarda aka dinga tara su tsibi-tsibi bisa sunan da kowa ya zaɓa, tsibin Sohan kuma ya yi ta hawa har ya kai dubu da ɗari uku da goma sha biyu, kowanne da kalmar Talata a jiki. Girdhari ya tsuguna a ƙasa yana karanta su ɗaya bayan ɗaya. Akwai na soja daga bakin iyaka, da na wata malamar asibiti, da na wani mai aski a Bareilly da ya rubuta cewa ko minista aka kawo masa ran Talata ba zai taɓa reza ba. Shekara ashirin da biyu yana magana cikin duhu, ashe akwai masu sauraro, kuma suna lura. Bai taɓa jin daɗi irin na ranar ba, har ya manta da warin gam.

"Kai wane irin marubuci ne da masu aski ke kama maka ɓarawo?" in ji Lala daga bakin ƙofa. Jan yawu ya gangaro masa har haɓa. "Dubu da ɗari uku! Agogo zan riƙa bugawa ko littafi? Ka kashe ni, Munshi, ka kashe ni da raina."

"Sun canka daidai ne, Lala-ji."

"Daidai? Kashi na biyu ya fito ne? Wa ya ce musu daidai ne?"

Kwana uku Lala ya yi a kulle da littafin da jan fensir, leɓensa yana motsi, karo na farko a rayuwarsa da ya karanta abin da ya buga. Duk sunan da ya ci karo da shi sai ya aika a duba ko yana da tsibi. Matar mamacin tana da, ɗansa yana da, direba yana da. Mutum arba'in sun ce Sufeton da kansa ne, mutum biyu sun ce karen gidan. A rana ta uku ya sa aka kira Girdhari, ya juya masa littafin a buɗe, ga jan da'ira a shafi na arba'in da ɗaya.

"Wannan. Ko kati ɗaya babu. Ita ta kashe shi."

Girdhari ya dubi shafin ya ce, "Lala-ji, wannan ai Kalawati ce. Tamu, ta ƙofa."

"To me? Mai shayi, mutum ya sha guba, ka ga ai kamar don ita aka yi. Ni ma ashe na iya aikin nan naku."

"Ba ta ma san gidan ba. Layi uku ne. Kuma Talatar fa? Mutane sun gani da idonsu."

"Ka samo mai askin da ke buɗewa ran Talata mana. Duniya da faɗi."

"Ba zan rubuta ba."

Lala bai ɗaga murya ba. Ya naɗe sabon ganye ya cusa a kumatu, ya aika a kira Chabra. Chabra shi ne mai rubuta ƙananan littattafan nan da ake sayarwa a naɗe cikin leda ta ƙarƙashin tebur, wani mai tumbi da gashi sharkaf da mai. Ya zo ya zauna, ya ji bayani, ya lumshe ido. "Sauƙi ne, Lala-ji. Farkarsa ce. Da rana tana sayar da shayi, in yamma ta yi ta bi ta ƙofar baya. Sai a koma baya a nuna yadda suka fara, babi huɗu ko biyar, a tsanake. Kwana tara na gama."

"Ka ji," in ji Lala. "Sunan Dakta nawa ne, Munshi-ji, wanda na ga dama shi zai riƙe masa alƙalami. Kai ko shi?"

Girdhari ya hau bene ya zauna yana kallon kalandarsa. Ya ce wa kansa in ya tafi, Chabra zai tuɓe matar nan a gaban mutum dubu arba'in; in ya zauna, aƙalla zai rufa mata asiri, ya ba ta dalili mai mutunci. Don ita zai yi. Wannan ita ce ƙaryar da ya yi wa kansa, kuma ta fi duk waɗanda ya ji a ƙofar kotu tsari. Gaskiyar ita ce mutum ne ɗan shekara hamsin da biyu da bai san inda zai jingine kekensa ƙarfe bakwai na safe ba in ba nan ba.

Mako biyar ya yi yana aikin, yana ji kamar mai kwasar amai da hannu. Ya ƙirƙiro wani mai aski baƙo da ba ya kiyaye Talata, wanda ko inuwarsa babu a kashi na farko, ya wanke Sohan tas da shi. Ya ba Kalawati ta littafi ɗa da injin masana'antar ya kashe aka hana ta ko ganin gawarsa. Ya sa Sufeto ya cire hula a gabanta kafin ya sa mata ankwa. Jimlolin sun yi kyau, abin haushin ke nan, hannunsa bai san kunya ba. Kullum da safe kuma sai ya tsaya a ƙofa ta miƙo masa shayinsa, tana tambaya, "Ina cikin na biyun ma, Munshi-ji?" Shi kuma ya ce, "Kina ciki, Didi," ya kurɓa har harshensa ya ƙone.

Bai ga bangon ba sai da aka gama bugu, don wannan karon an ɓoye masa. Lala ya canja sunan littafin ya koma Shayin Kalawati. Ga wata budurwa da jiƙaƙƙen zani manne a jiki, ƙirji rabi a waje, tana tsiyaya wani koren ruwa daga kwalba mai hoton ƙoƙon kai zuwa cikin kofi. Aka buga manyan hotunan talla aka bi gari ana mannawa, mai gam ɗin kuma, ko gangan ko wauta, ya manna uku a jere a bangon da ke bayan allonta, daidai saman kanta. Duk mutuncin da Girdhari ya zauna ya ɗinka mata yana can shafi na ɗari biyu da wani abu, inda ba wanda ya kai. A layinmu bango ake karantawa.

Da farko wasa ne. "Kalawati, ɗaya, amma mara koren nan." Wani ya kurɓa ya kama wuya ya faɗi a kan benci, a fashe da dariya. Wani ya ɗaga kai ya dubi hoton ya dube ta ya ce, "Ashe dai da an yi zamani." Tana murmushi tana zubawa, don ba ta gane ba tukuna, sai da wani mai ɗinkin littafi ya ji tausayinta ya gaya mata. Daga nan wasan ya fara tsami. Masu jan riksho daga tasha suka dinga kawo fasinjoji su nuna ta da yatsa. Shagon yadin da ke karɓar kofi goma sha biyu kullum ya daina aikowa, matar mai shagon ta ce ruwa ba ya tsami banza. Wani maye ya zo da rana tsaka ya kama mata hannu yana tambayar ƙofar baya. Kafin wata ya cika labari ya kai ƙauyensu, mijin 'yarta ya zo ya ce ta tattara ta dawo gida, ana yi wa 'ya'yansa gori.

A sama kuwa wasiƙun zagi ne ke sauka a teburin Girdhari, tunda shi ne mai amsawa. Ɓarawo, macuci, mai cin amana. Mai askin Bareilly ya dawo da littafin a yage gida biyu, ba ko kalma. Agogo biyar ɗin nan Lala ya raba wa surukansa.

Wata ranar Alhamis da la'asar ya ji takun da bai sani ba a matakala, a hankali, ana hutawa. Kalawati ce. Shekara goma sha takwas ba ta taɓa hawowa ba. Ta tsaya a bakin ƙofa ta cire takalmi, a hannunta shuɗiyar takardar wasiƙa ta gidan waya.

"Munshi-ji, ka rubuta min wasiƙa zuwa ga Dakta. Kai ka san inda yake."

Ya buɗe baki. Kalma uku ce kawai, ni ne shi, ta kuma zo masa har kan harshe. Sai ya miƙa hannu ya karɓi takardar, ya cire murfin alƙalami.

Ta zauna a ƙasa ta gyara lulluɓi, kamar Daktan yana ɗakin. "Rubuta. Dakta Sahib, ina gaishe ka da girmamawa. Ni ce Kalawati mai shayi ta ƙofar Lala. Ban taɓa ganinka ba, kai ma ba ka taɓa shan shayina ba. Da ka sha da ka san ba na sa komai sai citta. Ka rubuta?"

"Na rubuta, Didi."

"Ce masa ɗa namiji ban taɓa haifa ba, 'ya ɗaya ce, balle a kashe min shi. Ce masa mijina ya rasu ina da shekara talatin da huɗu, kuma tun daga ranar ba namijin da ya ga gashin kaina. Ce masa yanzu an gani a bango." Ta murza gefen zani. "Sai ka tambaye shi, me na yi masa? Shi ke nan abin da nake son ji. In wani ne ya kai masa ƙarata, ya faɗa min."

Alƙalamin yana tafiya, layi a miƙe, ba ko gogewa.

"Ƙara wannan. Kada ya ga laifin Munshi-ji don ya rubuta min. Mutumin kirki ne, shi ya roƙa min alheri, ku kuka mayar da shi haka. Tun da abin nan ya faru ko ido ba ya iya haɗawa da ni. Kada a kore shi a kaina."

Ya rubuta wannan ma. Ta miƙo babban yatsa ya shafa masa tawada ta dangwala a ƙasa. A bayan takardar ya rubuta sunan Dakta Nishikant da adireshin ginin da suke zaune a ciki. Ya ce ta bar ta a nan zai aika, ta ce a'a, babban mutum ba a aika masa wasiƙa ta hannu, da kanta za ta kai gidan waya. Bayan kwana biyu ta iso teburinsa cikin sauran, da hatimi a kai.

Daga nan kullum da safe tambaya ɗaya ce. "Ya amsa?" Ya ce tukuna. Ya zauna ya fara amsar ya fi sau goma, mutumin da ya tsara wa masu kisa ɗari da talatin bayanin abin da ya kai su, amma ya kasa wuce gaisuwa. A tsakanin nan aka hawo masa da sabon bango, wani mutum rataye a fanka, ya kuwa samo masa labari.

Ranar da za ta tafi, mijin 'yarta ya ɗaure allon da tukunyar a bayan riksho yana ta tsaki saboda bas zai wuce. Girdhari yana jingine keke ta ƙaraso, ta haɗa tafukanta ta gaishe shi.

"Har yanzu shiru?"

"Mutum ne mai aiki da yawa, Didi."

"Ba aiki ba ne." Ta girgiza kai, ba fushi a muryarta, kamar mai gaya wa ƙaninta abin da ya kamata ya kiyaye. "Ka yi hankali da shi, Munshi-ji. Mutumin banza ne. Kai ne dai ba ka san shi ba."

"Na san shi, Didi," in ji Girdhari.